Na Je Okinawa Neman Dan Na Huɗu, Na Ɓuge Da Farar Ɗamara

Tun da na dawo daga tafiyata ta biyu zuwa Okinawa ta ƙasar Japan, ba a yin mako biyu wani malamin kareti bai kira ni ba, daga Kaduna ko Zariya ko Maraɗi, kuma tambayar ba ta wuce guda: “Malam, nawa zan tanada in je Japan a ba ni dan?” Kati yana ƙarewa magana ba ta ƙare ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tawa ta kaya tun daga tushe. Ga wanda ba ɗan harka ba, dan ɗin nan ba ɗan da muka sani ba ne. Kalmar Japananci ce, matakin da mai baƙar ɗamara yake takawa daga na ɗaya zuwa na goma. Ni ina da shekara 14 na fara kareti a Kano, a hannun wani tsohon soja da duk muke kira Masta, salon Shotokan, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu. A 2007 na sami dan na uku, daga nan na tsaya cak. Masta ya tsufa, ƙungiyar da muke ciki ta dare gida uku, kowane ɓangare yana buga satifiket ɗinsa. Ina koyar da yara wajen sittin a harabar wata firamare bayan la'asar, amma ni kaina na yi shekara goma babu wanda ya ce mini gyara ƙafarka. Ga gwiwa ta fara ciwo. Wata rana na kai wa Masta gaisuwa na yi masa kukan haka, sai ya ce, “Ɗana, abin da ke hannuna na ba ka. In ƙari kake so, ka je inda aka haifi abin.” Okinawa yake nufi, mahaifar kareti.

Kuskurena na farko na tafka shi ne tun ban bar gida ba. Na ga wani a Facebook yana tallar cewa yana haɗa 'yan wasa da manyan malaman Japan, takardar gayyata cikin kwana uku, jarrabawar dan tabbas. Na tura masa Naira 60,000. Takardar ta zo kuwa, da jan hatimi da rubutun da ban iya karantawa ba, har na sa aka yi mata leda. Allah ya taimake ni na nuna wa wani malamin jami'a da ya yi karatu a can, ya duba ya yi dariya, ya ce adireshin da ke kai babu ko lambar gida, lambar wayar kuma ba ta Japan ba ce. Da na koma wa mutumin sai na tarar ya toshe ni. Da na kai wannan takarda wajen neman biza, ba kuɗi kaɗai zan yi asara ba, sunana ne zai ɓaci. Malamin nan ne ya nuna mini hanyar da ta dace, kuma ba ta cin ko sisi. A watan Maris na 2017 gwamnatin yankin Okinawa ta buɗe wani katafaren gidan kareti da ake kira Karate Kaikan a garin Tomigusuku, dab da Naha, babban birnin Okinawa, kuma a cikinsa akwai ofishin da aikinsa shi ne haɗa baƙi da dojo, wato ɗakin horo. Na cike fom ɗinsu ta intanet. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tambayoyin: wane salo kake yi, shekara nawa, wane ne malaminka, me kake so ka koya. Na rubuta baro-baro cewa jarrabawar dan na huɗu nake so. Amsar ta zo cikin ladabi, cewa za su iya nemo mini inda zan yi horo, amma batun jarrabawa tsakanina ne da malamin da ya karɓe ni. Na karanta wannan layin, ban fahimce shi ba sai da na je.

Suka tambaye ni wane salo nake so, a nan na gano cewa Shotokan ɗin da na yi shekara da shekaru ina yi ba shi ake yi a tsofaffin dojo na Okinawa ba. Manyan salonsu uku ne: Shorin-ryu, Goju-ryu da Uechi-ryu. Na zaɓi Shorin-ryu saboda shi ne ɗan'uwan namu ta wajen kaka. Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868 a Shuri, tsohon garin sarakunan Okinawa da yanzu yake cikin Naha, ya tafi Tokiyo a 1922 ya yaɗa abin da daga baya ya zama Shotokan, almajirin Anko Itosu ne. Choshin Chibana, wanda ya raɗa wa salonsa suna Shorin-ryu a 1933, shi ma almajirin Itosu ne, sai dai shi a gida ya zauna. Bayan mako uku aka haɗa ni da wani dattijo mai shekara 78 da ke da dojo a wata unguwa cikin Naha. Shi ba ya imel, babban almajirinsa ne ke yi, wani mutum da ya yi aiki a sansanin sojan Amurka ya iya Turanci. Ya nemi tarihina a shafi guda, hoton satifiket ɗina, da wasiƙa daga malamina. Wannan ta ƙarshe kar ka raina ta. Yadda a wajenmu ba a tambayar mai karatu littafi nawa ya sauke sai an tambaye shi a gaban wa ya durƙusa, haka suke. Masta ya faɗa da Hausa, na rubuta da Turanci, ya sa hannu da hannunsa mai rawa. Sannan aka shiga jira, mako bakwai cur babu labari. Na ɗauka an watsar da ni, ashe dattijon ne ba ya yanke magana sai ya zauna da manyan almajiransa.

Da suka amince, sai takardun biza. Daga can suka aiko mini da biyu: takardar da ke bayyana dalilin gayyata, da jadawalin zama wanda ke nuna kowace rana inda zan kasance da inda zan kwana da lambar wayar wurin. Tunda ni zan ɗauki nauyin kaina, ba a bukaci takardar lamuni daga wajensu ba, amma sai na nuna ƙarfin aljihuna. Na haɗa fasfo, fom, hoto mai farin bango, bayanin asusun banki na wata shida, takarda daga wurin aikina cewa an ba ni hutu kuma zan dawo, da shaidar ajiye kujerar jirgi. Na kwana a mota na isa Abuja da asuba, na ci layi, aka duba aka dawo mini da su, kuma laifina ne. Ranar dawowata a takardar jirgi ta saɓa da ta jadawali da kwana biyu, domin na canja jirgi don neman arha ban gaya wa mutanen Naha ba. Sai da na koma Kano, suka sake buga jadawali, na sake hawa mota. Karo na biyu aka karɓa, bayan mako guda na je na ɗauki fasfo da biza ta shiga sau ɗaya. Kuɗin bizar kansa bai taka kara ya karya ba, kwatankwacin yen 3,000 ne na kuɗin Japan a lokacin, a biya da Naira. Zirga-zirgar Abuja sau uku ta ci ninkinsa sau da yawa. Wani abu kuma, kar ka zuba kuɗin aro a asusu ana gobe za ka buga bayanin banki. Ni kuɗin adashina da na babur ɗin da na sayar na zuba su tun wata huɗu kafin nan, na kuma riƙe rasit ɗin cinikin babur ko za a tambaya.

Tikitin zuwa da dawowa ya haura Naira 500,000 a 2018, fiye da rabin duk abin da na tara. Na tashi a watan Oktoba, ta Adis Ababa, na sauka filin jirgin Narita, kusa da Tokiyo, bayan kusan kwana guda a sama da ƙasa. A nan na sha kunyar da har yau iyalina ke yi mini tsiya da ita. Maiɗakina ta ce ba a zuwa gidan dattijo hannu rabbana, ta sa aka yi mini kilishi na musamman, aka naɗe a takarda aka sa a leda uku. Ina jiran jaka sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa sanye da 'yar riga, ya zo ya shinshina kayana ya zauna. Japan ba ta yarda a shigar mata da nama ko abin da aka yi da nama ba, busasshe ko ɗanye, kuma akwai hukunci mai tsanani ga wanda ya ɓoye. Allah ya sa na rubuta a katin kwastan cewa ina ɗauke da shi. Jami'in ya sunkuya ya ba ni haƙuri, ya karɓe kilishin gaba ɗaya, ina ji ina gani. Abin da ya cece ni shi ne wani yadin baba na marinar Ƙofar Mata da jakar fata da na saya wa kaina, su suka koma tsaraba. Daga Narita sai mota zuwa ɗaya filin jirgin, Haneda, tafiyar fiye da awa guda, sannan jirgi na kusan awa uku zuwa Naha. Mutane da yawa suna zaton Okinawa unguwa ce a Tokiyo. Tsibiri ne can kudu, ya fi kusa da Taiwan.

Masaukina ɗan ɗaki ne na yen 3,000 a dare, tabarma da katifar shimfiɗa, banɗaki na haɗaka. Jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya a sama shi ke kai ni kusa da dojo. Agogonsu yana gaban namu da awa 8, don haka kwana huɗun farko ina gyangyaɗi da rana ina ƙirga silin da dare. Zafinsu ba irin namu ba ne, mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa. Amma babbar jarrabawar ita ce abinci. Mutanen Okinawa masu cin alade ne na gaske, har romon taliyarsu da ƙashinsa ake yi, kuma abin da ka gani kamar ganye zalla sai ka tarar an yanka masa nama a ciki. Babban almajirin ya rubuta mini 'yar takarda da Japananci cewa ba na cin alade ba na shan giya, ita nake miƙawa ko'ina. Rayuwata ta koma shinkafa, kifi, ƙwai, ayaba, sai garin kwaki da yaji da na zo da su. Wanda zai je, ya nemi masaukin da ke da wurin girki.

Dojon da na ƙetare duniya dominsa bai fi shagon tela uku ba. Ƙasan gidan dattijon ne, daɓen katako da ya yi baƙi don tsufa, fanka biyu, hotunan malamai a bango, sai wasu 'yan alluna na katako jere, kowanne da sunan almajiri, daga babba zuwa ƙarami. Horo ƙarfe 7:30 na dare, Litinin, Laraba da Juma'a, sai Asabar da safe. Na isa da rabin awa, na cire takalmi, na miƙa tsaraba da hannu biyu, na miƙa kuɗin horo a cikin ambulan kamar yadda aka gargaɗe ni, domin miƙa tsabar kuɗi tsirara rashin ɗa'a ne a wajensu. Yen 3,000 ne kowane zama ga baƙo, daga baya dattijon ya ce in biya na wata irin na 'yan gida, abin ya zo da sauƙi sosai. Na fito da baƙar ɗamarata wadda ta koɗe har ta fara fari, abin alfaharina, sai babban almajirin ya matso ya ce a hankali, sensei, wato dattijon malamin, ya ce ina iya ɗaura ta, ba laifi. Yadda ya faɗa ne ya sa na duba jakata na ciro farar, irin ta sabon shiga, da malamin jami'ar nan ya ce in tafi da ita. Dattijon ya gani, bai ce komai ba, ya ɗan gyaɗa kai. Na tsaya a ƙarshen sahu, bayan wani yaro ɗan sakandare da wata mata mai sayar da magani. Ba zan ɓoye ba, maƙogwarona ya ɗaci. Shekara 11 ina gaban sahu ana ce mini Malam.

Sai aka kira kata, wato jerin motsin da ake haddacewa a yi shi a tsare, aka ce Pinan Shodan. Na san Pinan shi ne Heian ɗinmu, na shiga Heian Shodan da ƙarfina, ina kai hannu ƙasa kowa yana kai nasa sama. Ashe Funakoshi ya musanya na ɗaya da na biyu, abin da muke kira Heian Shodan shi ne Pinan Nidan a wajensu. Haka sunaye da yawa: Tekki shi ne Naihanchi, Kanku shi ne Kusanku, Bassai shi ne Passai, Gankaku shi ne Chinto. Ka haddace wannan tun a gida. Amma sunan ƙaramin abu ne. Tsayuwarsu gajera ce, a miƙe, kamar mai tafiya a hanya, ni kuwa na saba baje ƙafa in nutse ƙasa. Dattijon ya zo ya tsaya a gabana, ga shi bai kai kafaɗata ba, ya sa yatsa biyu a ƙirjina ya tura, na yi baya taga-taga. Ya taɓa gwiwata ya yi magana, aka fassara mini: “Tana ciwo, ko?” Ban gaya wa kowa ba. Daga ranar har na baro garin, kata ɗaya ya ba ni, Naihanchi na farko, wanda nake koya wa masu ɗamara ruwan ƙasa cikin mako biyu. Tafiya ce a kaikaice, dama da hagu, ba ta kai minti guda ba. Na yi ta ya fi a ƙirga. Sauran lokacin kuma makiwara, wani katako da aka kafa a ƙasa aka naɗe kansa da igiya, mai lanƙwasa ya dawo. Na kai masa naushi irin na nuna isa, ya mayar mini da shi har cikin kafaɗa, fatar yatsuna biyu ta saɓule. Dattijon ya zo ya buga sau uku kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarar ta cika ɗakin, katakon ya kwanta. Shi ma har lokacin kullum da asuba yana saukowa ya yi Naihanchi shi kaɗai, kuma ya ce akwai wani juyin ƙugu a ciki da bai gama gane shi ba.

Akwai maganar da kowane Musulmi zai yi karo da ita, gara ya shirya mata. A farkon horo da ƙarshensa ana durƙusawa a jere, a dafa ƙasa a sunkuya har goshi ya kusa taɓa daɓe, ana fuskantar bangon da hotunan malamai suke. Kafin in tafi na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa, na kuma rubuta wa babban almajirin tun ina gida cewa wannan siffa ta yi kama da sujada, ni kuwa ba na yin ta sai ga Allah, ba don raini ba. Ya kai wa dattijon, amsar ta dawo gajera: ya zauna tare da mu, ya gaishe mu yadda addininsa ya yarda. Haka na riƙa yi, in zauna a miƙe in ɗan rusunar da kai. Babu wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Abin da zai ɓata musu rai shi ne ka zo ka ƙame a tsakiyar sahu ba tare da ka yi bayani tun farko ba. Goge daɓe da tsumma bayan horo kuwa, wannan babu wanda aka ɗauke wa, har mai dan na bakwai yana rarrafe da nasa tsumman.

Ana saura kwana uku in tafi, bayan an yi bikin ranar kareti, wadda suke tunawa da ita kowace 25 ga Oktoba saboda taron da manyan malamai suka yi a Naha a wannan rana a 1936, sai na yi ta maza na tambayi batun jarrabawa. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce in nuna masa almajiraina. Na ciro waya da murna, na buɗe bidiyon yarana suna kata a harabar makaranta, ƙura tana tashi. Ya sa tabarau, ya kalla sau biyu, ya kira manyan almajiransa su ma suka leƙa. Sai ya tsayar da hoton, ya nuna yaro na farko, na biyu, na uku, har na takwas. Duk wanda ya kai naushi, kafaɗarsa ta dama tana ɗagawa sama. Ya miƙo hannu ya dafa tawa kafaɗar. Aka fassara: “Wannan taka ce. Ka ba yara sittin.” Ya ce dan ɗin da na zo da shi na ƙungiyata ne, yana girmama shi, amma ba zai ɗora nasa a kan ginin da bai ga tushensa ba. In koma, in gyara kaina, in gyara su, in riƙa aiko da bidiyo duk wata, nawa da nasu. In ya ga lokaci ya yi zai ce in zo. A daren nan ban yi barci ba, ina lissafin babur.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Yara da iyayensu sun taru suna jiran satifiket, na tsaya a gabansu da farar ɗamara na ce za mu koma farko. Cikin wata uku kusan rabinsu suka watse, wasu suka koma wajen wani da ke ba da baƙar ɗamara a shekara guda. Manyan almajiraina biyu suka ce Malam ya je Japan an rage masa girma. Masta kaɗai ya yi dariya har da tari, ya ce, “Yanzu ka sami malami.” Na sa kafinta ya fere mini katako, na naɗe da igiyar rama na kafa a tsakar gida. Duk ƙarshen wata in tura bidiyo, bayan kwana goma amsa ta zo, layi biyu ko uku. Na sa rai da 2020. A ranar 31 ga Oktoba 2019 gobara ta cinye fadar Shuri, wadda na shiga na yi hoto a cikinta shekara guda kafin nan, na aika musu da jaje. Sai korona ta zo Japan ta rufe ƙofa, ba ta buɗe wa baƙi irina sosai ba sai Oktoban 2022. A tsakanin nan Masta ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kiran da nake jira bai zo ba sai a farkon 2023, kuma kafin in gama haɗa kuɗi aka saki Naira a watan Yuni, tikiti ya ninka sau uku. 'Yan'uwa da iyayen yaran da suka rage ne suka yi mini karo-karo.

Bizar karo na biyu ba ta ba ni wahala ba, takardun dai su ne, kuma tsohuwar bizar da ke nuna na je na dawo a kan lokaci ta yi mini rana. Jarrabawar ba a dojonmu aka yi ba, ƙungiyarsu ce ke shirya ta sau biyu a shekara a wani zaure, don haka dole ka daidaita tafiyarka da ranarsu. An ba ni fom, aka nemi hoto biyu, da shafi guda a kan dalilin da ya sa nake koyarwa, sannan aka tambaye ni yadda ake furta sunana don a rubuta shi da haruffansu. Ka tsaya a kan wannan, ka furta a hankali, domin abin da aka rubuta ranar shi zai zauna a satifiket har abada. Kuɗin kashi biyu ne, na zama jarrabawa daban, na rajista daban in ka ci, kuma na biyun ya fi yawa. Gaba ɗaya na biya yen 30,000. Dattawa biyar a bayan dogon tebur, babu mai murmushi. Na yi Naihanchi, Passai da Kusanku, na yi karawar da aka tsara da abokin gwaji, aka ce in nuna amfanin motsi biyu daga cikin kata a jikin mutum. Duka bai kai minti 20 ba, bayan shekara biyar. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni yara nawa nake koyarwa, na ce 34, ya ce a da fa, na ce 60. Ya rubuta wani abu. Da yamma aka karanto sakamako: dan na biyu. Na tafi da uku ina neman huɗu, na dawo da biyu, kuma na shiga banɗaki na yi hawaye irin wanda ban yi ba ranar da aka ba ni na ukun.

Satifiket ɗin ba a ranar ake bayarwa ba, da hannu ake rubuta shi da buroshi, sai bayan wata huɗu ya iso ta hannun wani ɗalibi da ya dawo hutu. Izinin koyarwa kuma takarda ce daban, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Ita ce ta mai da ajina reshen dojon dattijon, da sharuɗɗa: ina iya yi wa yara jarrabawa har zuwa ɗamara ruwan ƙasa, baƙa kuwa sai da sa hannunsa, akwai kuɗin shekara, kuma bidiyon wata-wata yana nan daram. Dan na gaba ba a ma maganarsa sai an shekara biyu ko uku, kuma kowane mataki jiransa ya fi na baya tsawo.

To, mai tambayar nawa zai tanada, ga abin da zan ce maka. Duk wanda ya yi maka alkawarin dan kafin ya ga tsayuwarka, ɗan kasuwa ne, ko a Kano yake ko a Naha, don can ma akwai wuraren da baƙo zai biya ya fito da takarda cikin mako guda. Ka yanke tun farko me kake nema. In gasa kake so da lambobin yabo, hanyar hukumar wasanni da alƙalanta daban take, kuma ba abin raini ba ce, ɗan Okinawa ne ma, Ryo Kiyuna, ya ci zinare a kata a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021. In ci gaba a Shotokan kake so, ka nemi ƙungiyarka ta asali, ba sai ka canja salo ba. In kuwa dojon dattijo kake so, ka yi lissafin tafiya biyu aƙalla, ka tafi da farar ɗamara, wasiƙar malaminka, da bidiyon almajiranka na gaskiya, ba na zaɓaɓɓu uku ba. Ka guji watannin Yuli zuwa Satumba, guguwar teku tana iya soke jirgi da horo gaba ɗaya. Ka riƙe tsabar yen, dojo ba ya karɓar kati. Kuma ka gaya wa iyayen yaranka gaskiya tun kafin ka hau jirgi, kar su tara maka maroƙa.

Dattijon yanzu ya haura 80, an ce ya daina tsalle amma yana saukowa da asuba. Amsar bidiyon watan jiya ta zo shekaranjiya. Kafaɗa ta zauna, in ji shi, tawa da ta yara. Amma in duba yarinyar da ke ta uku daga hagu, gwiwar hannunta tana buɗewa in za ta tare, sannan in je in tsaya gaban madubi.